Abin da Shekaru Suka Koya wa Dattawan Karofi

Dattawan da suka ƙarar da rayuwarsu a bakin karofi, wato filin da aka haƙa ramukan rini a cikinsa, sun yi ittifaƙi a kan cewa ilimin gargajiya ba ya zama a cikin gini ko kayan aiki, yana zama ne a hannun mutumin da ya iya, kuma ranar da aka binne shi ba tare da ya bar magaji ba, ranar ce aka binne abin da ya sani. Marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta isa shaida, domin ramukanta suna nan, baƙi suna zuwa kallo, amma da yawa daga cikinsu sun bushe ko sun cika da ƙasa saboda ƙarancin masu haɗa su.

Haɗa ramin rini kuwa aiki ne da ba a koyonsa da baki kawai. Marini yakan cika ramin da ruwa, ya zuba toka da katsi, sannan ya sa baba, tsiron da ake samun launin shuɗi daga ganyensa, ya bar haɗin ya yi kwana da kwanaki yana ruɓa, yana motsa shi da doguwar muciya har kumfa ta taso. Babu ma'aunin da zai gaya masa cewa ruwan ya kai. Warinsa da launin kumfarsa ne ke sanar da shi, kuma wannan fahimta ba ta samuwa sai ga wanda ya tsaya shekaru a gefen ubansa ko maigidansa. Yaron da ya fara ganin an tsamo ƙyalle daga rami yakan yi mamakin fitowarsa da launin kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsa, kuma daga nan yake fahimtar cewa zurfin launi yana zuwa ne daga yawan tsomawa da shanyawa da haƙuri.

Darasi mafi nauyi da dattawan suka ɗauka shi ne cewa sana'a ba ta rayuwa ita kaɗai. Kafin tufa ta iso karofi, sai manomi ya noma auduga da baba, mata sun gurje audugar sun shiɓe ta sun kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya harhaɗa. Bayan rini kuma sai a kai ta mabuga, inda ake shafa mata shuni ana dukanta da guduma a kan gungume har ta yi ƙyalli. Ko katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a ƙasan rami wanda ake kwashewa a busar a ƙone, ba a yar da shi, domin magina suna haɗa shi da gashin jima da dafara su yi laso, simintin gargajiya da ake shafe ramukan da rufin soraye da shi. Saboda haka duk lokacin da marina ta mutu, magini da majemi da manomi ma sun yi rashi. Wannan sarƙa ce ta ɗaga sunan Kano har matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ziyarci birnin a 1851, ya ba da labarin yadda tufafinta ke kaiwa Timbuktu da Murzuk da Tarabulus, kuma har yanzu Buzaye suna girmama turkuɗi da rawani ɗan Kura, wanda ya samo sunansa daga garin Kura.

Tsofaffin marina ba sa ɗora laifin koma-bayan a kan baƙin kaya kaɗai, ko da yake shunin kanti da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, da yadudduka masu arha da suka cika kasuwa daga baya, sun karya farashin aikin hannu. Suna kuma ganin illar rowar sani, inda gwani kan ɓoye sirrin haɗinsa ga kowa sai ɗan cikinsa, alhali ɗan ya tafi boko ko kasuwa bai dawo ba. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma rayuwa ta nuna wa waɗannan dattawa cewa almajiri mai himma, ko daga wane gida ya fito, ya fi magajin jini da ba ya sha'awar gadon. Haka nan sun lura cewa saurayi ba zai zauna a sana'ar da ba za ta ciyar da iyalinsa ba, komai daɗin tarihinta, kuma a nan suna da gaskiya.

Rubuce-rubucen masana, irin binciken Philip Shea a kan rini da cinikin tufafi a ƙasar Kano, sun adana tarihi mai yawa, sai dai littafi ba ya koya wa hanci warin ruwan da ya kai. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da masarautu da jami'o'i su ɗauki gwanayen da suka rage a matsayin malamai masu albashi, a ba kowannensu almajirai, a naɗi bayanansu da Hausa, a kuma farfaɗo da noman baba tun masu sanin yadda ake sarrafa shi suna raye.