Ranar da Bayan Babur Ɗina Ya Yi Tangaɗi a Hawan Kibo

Ku matso, tunda shayin bai ƙare ba, in ba ku labarin da ko uwargida ban ba ta ba. Alhaji, kai ne ka tambaye ni bara me ya sa na jingine babban babur ɗina har kusan wata biyu, na ce maka hidima ce ta sha mini kai. Hidima kam akwai ta, amma abin da ya hana ni hawa tsoro ne. Maganar nan ta tsaya a kan tabarmar nan.

Daga Jos na taso da hantsi, na nufi Akwanga. Kun san ba a baro Jos hannu rabbana. Na cika akwatin baya da dankalin turawa, na ɗaure wani ƙullin a kansa, akwatunan gefe kuma kayan sawa ne da kayan aiki. Na gangaro Hawan Kibo a hankali, yadda duk mai hankali yake gangarowa saboda manyan motoci. Da hanya ta ɗan buɗe sai na saki hannu, allura ta kusa 100, na kwantar da babur a wata doguwar kwana. Nan take na ji bayansa ya fara lilo, dama, hagu, dama, kamar wani ya kama wutsiyarsa yana kaɗawa. Salati kawai nake yi. Allah ya taimake ni ban damƙi birki ba. Na sassauta totur kaɗan kaɗan, na kwanto da ƙirjina kan tanki, na sassauta riƙon da na yi wa kan, har ya nutsu. Na gangara gefen titi na zauna a kan dutse, gwiwoyina suna rawa. Babur ne mai injin 1300, nauyinsa ya doshi kilo 300 tun kafin in hau. Irin wannan idan ya kayar da mutum, sai dai wani ya ba da labari.

Da na iso gida, abin da ya fara zuwa mini shi ne in yi odar sabon shokazoba. Har na tambayi kuɗinsa, na ji abin da ya sa na yi shiru. Sai na tura babur ɗin wajen dattijon bakaniken nan da kuka sani, wanda manyan babura kawai yake taɓawa. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya jawo mini benci ya ce, "Zauna, ɗana. Kan ne ya yi rawa a hannunka, ko mazauninka ne ya ji?"

Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne."

Ya ce a'a, cuta biyu ce. Akwai makyarkyatar kai, wadda kan babur ke kaɗawa da sauri kamar zai ƙwace daga hannu, kuma yawanci daga gaba take tasowa. Akwai kuma tangaɗi, wanda babur ɗin gaba ɗaya yake rangaji a hankali, baya ya fi jin jiki, kuma gudu yana ƙara shi. Daga baya na gano cewa wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya bambance waɗannan biyun da lissafi tun 1971: tangaɗi kamar sau biyu zuwa uku ne a daƙiƙa, makyarkyatar kai kuwa ta ninka haka sau biyu ko uku. Baba da hannunsa ya san wannan.

Sai ya ci gaba da jero mini tambayoyi. A kwanar dama kaɗai yake yi, ko har ta hagu? Daidai lokacin da nake kwantar da shi ne, ko sai ya zauna cikin kwanar? Na taka gargada kafin ya fara? Ina jin wani "ƙas" idan na ja totur ko na saki? Yana yi idan babu kaya? Kowace amsa, in ji shi, tana nuna ƙofa daban. Idan gefe ɗaya ne, a duba saitin ƙafa ko cin taya. Idan bayan an taka tudu ne ya ci gaba da sukuwa bai tsaya ba, man shokazoba ya mutu. Idan akwai ƙara, wani abu ya yi sako-sako. Ni dai na ji kunyar yawan tambayoyin da ban iya amsawa ba, alhali ni ke hawan abin.

Ya fara da iska, da gejinsa na kansa, bayan taya ta huce. Ta baya 31 ya samu. Takardar da ke manne a jikin babur ɗin ta ce 42. Malam, na ga kana girgiza kai, to ai mai faci ne ya sa mini a hanya, taya da zafi, da gejin da Allah kaɗai ya san shekarunsa. Taya mai zafi tana nuna iska fiye da abin da ke cikinta idan ta huce. Kuma idan iska ta yi ƙasa a ƙarƙashin nauyi irin wannan, gefen tayar ne yake lanƙwashewa a kwana, sai ka ji kamar a kan katifa kake tafiya.

Daga nan ya kama hannuna ya ɗora a kan tayar, ya ce in shafa daga wannan gefe zuwa wancan. Wallahi sai na ji tsakiyar ta baje kamar faranti, ga wani kaifi a kowane gefe. Tayar babur a zagaye ake yin ta domin ya kwanta sumul. Mu kuwa tafiyarmu miƙaƙƙiya ce, Kano zuwa Zariya, Zariya zuwa Kaduna, tsakiya kawai ke ci. Ranar da ka shiga kwana ta gaske, sai babur ya hau kan wannan kaifin, ya rasa inda zai tsaya, ya faɗa ciki, ya dawo, ya sake faɗawa. Zanen tayar bai ƙare ba, shi ya sa ban taɓa zarginta ba.

Ya kuma nuna mini lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tawa ta haura shekara takwas, domin da ita babur ɗin ya shigo daga Turai, kuma robar ta bushe ta yi tauri. Ku duba naku gobe, don Allah. Ku duba har da lambar nauyi: a taya mai girman 180/55 za ku ga 73W, wato kilo 365 ne iyakar abin da za ta ɗauka. Michelin da Bridgestone ma suna yin wasu masu alamar GT musamman domin babura masu nauyi irin su FJR1300 da BMW RT. Kuma kada a haɗa radiyal a gaba da wadda ba radiyal ba a baya, sai idan littafin babur ɗin ne ya ce a yi.

Maganar dankali kuwa, Baba bai yi mini faɗa ba, buɗe murfin akwatin kawai ya yi ya nuna mini rubutun ciki. Yawancin akwatunan nan kilo 5 zuwa 10 aka yarda a zuba musu. Ni na zuba abin da ya ninka haka, a can sama, a bayan aksul. Nauyi a wannan wuri yana danne baya, ya ɗage gaba, tayar gaba ta rage kama ƙasa. Ga shi ban ƙara wa sifirin tauri ba, yana nan a saitin mutum ɗaya marar kaya. Ƙa'idar da ya ba ni mai sauƙi ce: idan ka hau da kayanka, bayan ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokazoba. Abu mai nauyi a akwatunan gefe, a ƙasa, a raba daidai.

Abin da ya fi burge ni, ya ƙi yarda a gyara komai a rana ɗaya. Ya ce idan muka canza abu huɗu tare, ko ya warke ba za mu san mene ne ciwon ba. Muka sa iska, na gwada. Ya ragu. Muka sa sababbin tayoyi gaba da baya, na gwada. Ya ragu sosai, har na ce an gama. Amma a wata kwana mai ɗan tudu a tsakiya, sai na sake jin bayan ya yi wani ɗan motsi, kaɗan ne, amma wanda maciji ya taɓa sara ba ya raina igiya.

Na koma. Ya ɗora babur a kan sitan na tsakiya, ya sa yaronsa ya danne gaba, ƙafar baya ta tashi. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, babu motsi, boris ɗin ƙafa lafiya. Ya kama ta daga can baya ya tura dama da hagu, don ya ji boris ɗin hannun ƙarfen nan da ke riƙe da ƙafar, nan ma shiru. Ya duba jikin shokazoba, babu yoyon mai. Ya juya kan babur a hankali ko zai ji ya sarƙe a tsakiya, domin boris ɗin wuya ma yakan yi abin da za ka rantse daga baya ne. Lafiya lau. Nawa mai shafta ne, don haka babu maganar sarƙa. Kai kuwa Malam, da naka mai sarƙa, kada ka dogara da zanen da ke jikin abin ɗaure ta kaɗai. Ja zare biyu daga tayar baya zuwa gaba, ka ga ko tazarar da ke tsakanin zaren da tayar gaba daidai take a gefe biyu.

Sai ya sa hannu biyu ƙarƙashin tayar ya ɗaga ta sama. Muka ji "ƙas". Ya sake, muka sake ji. Ya kwanta a ƙasa da tocila a baki, ya kwance ƙananan ƙarafan nan da ke haɗa ƙasan shokazoba da jikin babur. Da ya zaro, sai ya ce in buɗe tafin hannuna. Ya zazzage mini wasu 'yan allurai na ƙarfe, jajaye, wasu sun karye, wasu sun zama gari. Babu ɗigon giris. Ɗaya boris ɗin ya cinye ya yi sako-sako, ɗayan ya kafe ƙam. Wurin yana daf da ƙasa, yana shan ruwan damina da ƙura, ga ni kuma duk mako sai na kai shi wajen wankin mota an harba masa ruwa da injin matsi, wanda ke kore giris ya bar ruwa a ciki. Shokazoban da na so in zubar lafiyarsa ƙalau, hanya ce bai samu ba ta yin aikinsa.

Na daɗe ina kallon garin tsatsar nan a hannuna. A kan wannan na sha ɗauko uwargida zuwa biki, a kan wannan na sha goya yarona.

Kuɗin boris da giris bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shokazoba ba. Bayan sallah na sake bin hanyar Jos, na sake sayen dankali, amma wannan karon a motar haya na aiko shi. A kwanar nan babur ya kwanta, ya zauna, ya tashi, ban ji komai ba sai ƙarar injin.

Alhaji, makon jiya ina bayanka a shataletale, na ga bayan naka yana ɗan wannan motsin, na rasa yadda zan faɗa maka a gaban mutane. Gobe bayan la'asar ka zo da shi gida. Gejina yana nan. Ni zan danne gaba, kai ka ɗaga ƙafar da hannunka ka saurara.