Wa Ya Biya Kuɗin Sojojin?

Masoyan finafinan Star Wars suna da wata ɗabi'a. Nuna musu jirgi ya fashe da ƙara a sararin samaniya, inda babu iskar da za ta ɗauko sauti, ba za su ce uffan ba. Takobin haske ma sun karɓa hannu biyu. Amma taɓo musu majalisar dattawan da ke cikin labarin, nan take gardama za ta kaure.

Tun 1999 ake wannan musu. A shekarar George Lucas ya fitar da The Phantom Menace, ya buɗe shi da rikicin haraji a kan hanyoyin fatauci. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta yi wa duniyar Naboo ƙawanya da jiragen yaƙi. Mutane sun je kallon faɗa, suka tarar da zaman majalisa, da yawa suka ce ya gundure su. Wasu kuma har yau suna kan Amidala, sarauniyar Naboo: yaya za a ce sarauniya ce, amma zaɓenta aka yi, kuma shekarunta 14?

Gardamar da ta fi daɗi tana cikin fim na 2002. An gano cewa a duniyar Kamino an yi shekara goma ana ƙera wa jamhuriyar da majalisar ke wakilta sojoji daga jikin mutum ɗaya. Dubu 200 sun kammala, miliyan ɗaya na tafe. Majalisa ba ta san da zancen ba. To wa ya biya? Fim ɗin ya ambaci wani jarumin Jedi, Sifo-Dyas, a matsayin wanda ya ba da aikin, sannan ya wuce bai waiwayi kuɗin ba. Masu lissafi suka ƙara da cewa adadin ma ya yi kaɗan. Tarayyar Sobiyet ita kaɗai ta tara sojojin da suka ninka haka sau da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu, balle yaƙin da ya game dubban duniyoyi.

Suna da gaskiya a nan. Sai dai, maƙwabci, dubi hanyar da Palpatine ya bi, ka faɗa mini inda ta karkace. Sanatan Naboo ne, kuma shi ya kitsa ƙawanyar a ɓoye. Ya zuga sarauniya ta nemi a kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da shugaban jamhuriya, Valorum, tausayin Naboo ya ɗora shi kan kujerar. Da yaƙi ya matso, Jar Jar Binks, wakilin da kowa ya raina, shi ya gabatar da ƙudurin ba shi ikon gaggawa. A fim na 2005 ya naɗa kansa sarki, sanatoci na tafa masa. Kuma bai rushe majalisar ba. Ya bar ta kusan shekara 19 tana zaman 'yan amshin Shata, sai a fim na 1977, wanda labarinsa ya biyo baya, aka ji an sallame ta an miƙa mulki ga gwamnoni. Wanda ya rubuta wannan ya karanta tarihin Rum da na Jamus.

Inda nake ganin lissafi ya ɓaci shi ne bayan Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin George Lucas, a 2012. A fim na 2015 an ruguza hedikwatar sabuwar jamhuriya da harbi ɗaya, mai kallo bai san shugabanta ba, bai taɓa jin muhawararta ba. A fim na 2019 Palpatine, wanda ya mutu a fim na 1983, ya dawo da rundunar jirage, bayani kuwa 'yan jimloli ne kawai. Idan za ka yi ƙorafi a kan siyasar Star Wars, fara daga waɗannan biyun, ka ƙyale harajin 1999.