Gadon Tantan

Shekarar da Allah ya karɓi ran mahaifinmu, abin da ya bar mana, mu 'ya'yansa uku, shi ne gona guda da tsohuwar tantan ƙirar Massey Ferguson 135, irin wadda aka yi ta ƙerawa a Ingila. Tirelarta kuwa tuni aka sayar wajen jinyarsa. Kaka ta yi, masara ta bushe a gona, ga gara, ga ɓarayi, kuɗin hayar mota kuma babu.

Da muka rasa tudun dafawa, sai muka tuna da hannuwan ƙarfen nan uku da ke bayanta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, waɗanda ke ɗaga garma da ƙarfin matsin mai. Muka ce abin da ya ɗaga garma ai ba zai gaza ɗaga buhu ba. Muka tsinto ƙarafa a wurin 'yan gwangwan, mai walda ya haɗa su tamkar gadon kwana, muka shimfiɗa katako muka ɗaure da noti. Don haɗama, muka ce a ƙara masa tsawo.

Baffanmu ya zagaya shi, ya girgiza kai ya ce, "Ku yara, kaya kusa da jiki ake goya shi, kamar ɗa." Muka yi murmushi a ɓoye, don muna ganin mun yi boko.

Ranar farko muka jibga buhu shida. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau. Muna fara hawan tudun bakin rafi, sai ƙafafun gaba suka bar ƙasa, sitiyari ya zama hoto, tantan ta miƙe kamar dokin da aka ja wa linzami. Ƙanenmu da ke tuƙi ya taka kuloci, ta faɗo da ƙarfi, buhu biyu suka fashe a cikin laka. Allah ya tsare, amma ranar ba wanda ya iya cin tuwo.

Washegari muka koma wurin Baffa, kai a sunkuye. Aka datse gadon, aka rataya ƙarfe mai nauyi a gaban injin, muka koma ɗaukar buhu uku-uku, a jere dab da ƙafafun baya. Sawu ya yi yawa, amma cikin kwana tara masara ta shiga rumbu, muka biya sauran bashin jinyar Baba.

Gadon yana nan har yau, da tabon walda a inda aka datse shi. Ba mu taɓa shafa masa fenti ba.