Garba na Abijan: sana'ar maza a kan rogon mata

A Kano ko Maraɗi kowa ya san yadda aka raba sana'ar abincin bakin titi. Abin da zai cika ciki na mata ne: ɗanwake, garau-garau, dambu, awara, ana girkawa a cikin gida yara su fito da shi talla. Maza kuwa nasu nama ne da shayi. Mai tsire ba ya hura wuta sai la'asar ta yi sanyi, kuma ba wanda ke zuwa wurinsa don ya ƙoshi. Magidanci zai tsaya ya sayi balangu a ƙunshe masa ya tafi gida, amma da wuya ka gan shi zaune a benci da hantsi ya naɗe hannun riga yana kai loma.

A Abijan ta Kwaddibuwa wannan rabo ya juye, kuma 'yan'uwanmu ne suka juya shi. Abincin da birnin ke karya kumallo da shi sunansa garba, masu sayar da shi kuma galibi maza ne 'yan ci-rani daga Nijar, Hausawa da maƙwabtansu. Wasu na cewa sunan ya samo asali daga Dicoh Garba, ministan da ya riƙe harkar dabbobi da kamun kifi a zamanin Shugaba Houphouët-Boigny. Mafi yawan mutanen gari dai sun fi yarda cewa sunan masu sana'ar ne ya bi abincin, saboda yawan masu amsa Garba a cikinsu.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne babu ko ɗaya cikin ginshiƙan abincin nan biyu da ya fito daga ƙasarmu. Na farko aceke ne, aikin matan bakin ruwa, Ebriye da Ajukuru da Aladiyan, na wajen Dabou da Jacqueville da ƙauyukan da Abijan ta haɗiye. Su ke feraye rogo, su niƙa da ɗan tsimi, su matse ruwan, su murza shi ya zama tsaki-tsaki, su shanya, sannan su turara kamar dambu. Tsaminsa daga tsimin yake. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan gwaninta cikin jerin gadon al'adun duniya. Na biyu kifin tuna ne na teku. Tun da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, Abijan ta zama babbar tashar jiragen ruwa, kuma manyan jiragen kamun tuna na Faransa da Sifen suna sauke kaya a tashar kifi da ke gefen Treichville. Masana'antun gwangwani su zaɓi na zaɓa. Ƙanana da waɗanda suka ƙuje aka bar wa kasuwar gari, da gishirinsu, domin a ruwan gishiri mai sanyi jiragen ke ajiye su. Wannan ragowar ita ce jarin mai garba. Mutumin da ya tashi a Tawa ko Dogonduci bai taɓa ganin teku ba sai da ya zo, ga shi yanzu shi ne gwanin yanka kifinta.

Abin da ya kawo daga gida hannun mai tsire ne. Ka tsaya a wata rumfa kusa da tashar motocin Adjamé da sassafe, inda yaran motocin gbaka ke ta kiran fasinja, ka kalli yadda yake aiki. Ba sikeli, ba awo, ido ne kawai. Ka faɗi na nawa kake so, ya yafuto aceke daga daro ya zuba a faranti. Ya riƙe albasa a tafin hannu ya yanka ta ƙanana ba tare da katako ba, ya bi da ɗanyen barkono da tumatir, ya marmasa dunƙulen Maggi, ya ɗebo man suya ya kwarara. Kifin kuwa ba shi zai zaɓar maka ba. Akwai cokali mai yatsu a kan tire, kai za ka jujjuya yankunan har ka soke wanda ya kwanta maka, shi kuma ya faɗi kuɗinsa. A nan nake ganin dattawa masu laƙtaye suna nazarin gutsuren kifi da fuska a murtuke, kamar ba abin da ya fi shi muhimmanci a ranar. A Kano da wuya mai nama ya bar ka ka yi ta birkita masa tire. Ɗanɗano zai yanko maka a bakin wuƙa, sauran kuma ka bar masa.

Da Faransanci ake cinikin, amma in ka yi sallama da Hausa sai lissafi ya koma na gida. "Sannu da zuwa ɗan'uwa, na dala nawa za a sa?" Sefa 100 ta zama dala ashirin, sefa 1,000 ta zama jaka. A Treichville, inda tituna ke da lamba maimakon suna, za ka iske rumfar garba da teburin mai shayi kusa da juna, sau da yawa 'yan gari ɗaya ne, wani ya jawo ƙanensa, ƙanen ya jawo ɗan maƙwabta. Da hannu ake ci, a benci ɗaya, ɗalibi da ɗan dako da ma'aikacin banki, mata ma na zuwa su saya ba mai kallonsu.

Ina jin daɗin wannan, kuma yana sosa mini rai. Saurayin da zai ji nauyin tsayawa gaban kasko a unguwarsu, don kada a ce yana aikin mata, a nan shi ke asubanci ya soya kifi ya wanke faranti, kuɗin kuma su isa gida su sayi hatsi, su biya sadaki. Inda nake da ja da masu garba shi ne man. Rumfuna da yawa suna maimaita suya a mai ɗaya har ya yi baƙi, kuma shi ɗin ake kwarara wa mutane a kan aceke. 'Yan ƙasa sun lura, sun fara buɗe wurare masu tsabta da kujeru da sabon mai, suna kiran nasu garba choco, farashinsa ya fi tsada amma ana cika. In masu rumfunan Adjamé ba su gyara kaskonsu ba, waɗannan ne za su janye musu masu saye.