Wutsiyar kalma da ke tara jama'a

Ranar kasuwa a Tanut, in wani dattijo mai awon hatsi ya hangi ayari, ba ya tambayar sunan kowa. Yakan ce: "Abzinawa sun iso", ko "Damagarawa ne". Da wannan ƴar wutsiya, -awa, wadda masana nahawu ke kira ɗafa-ƙeya, ya riga ya san harshen da za a yi ciniki da shi, da irin bashin da za a iya bayarwa.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan dabara ba. A ƙasar Romaniya, -escu na nufin zuriyar wane: Ionescu jikokin Ion ne, kuma ɗaliban lise sun san marubucin nan Eugène Ionesco. Jam'inta, -eshti, ita ce a ƙarshen sunan babban birninsu, wanda ake dangantawa da wani makiyayi Bukur. Danginta ce -ish ta Ingilishi, wadda ke cikin sunan harshen kansa.

Sai dai tamu ta fi tasu faɗin hannu, don ba ta tsaya ga jini ba. Tana ɗaukar gari, kamar Katsinawa. Tana ɗaukar sana'a da matsayi, kamar dukawa, fadawa, talakawa. Baƙo ma tana yi masa masauki. Agalawan Kano, fataken goro da asalinsu ke komawa ƙasashen Buzaye, da ita suka shiga Hausa, kuma daga cikinsu Alhasan Ɗantata ya fito, attajirin da ya rasu a 1955. Duk mai cewa wane ba ɗan ƙasa ba ne saboda kakansa ya biyo ayarin gishiri, sai ya fara tuna wannan.

A Damargu kuwa, inda manomi da makiyayi ke shan rijiya ɗaya, sunan Tanut kansa na Tamajak ne: anu rijiya, ta a gaba da t a baya suka mai da ita ƙarama.

Abin takaici yana ga takardun ofis. Alƙalamin Faransa ya rubuta Tessaoua da Gazaoua, har ma'aikaci ya daina jin Tasawa da Gazawa a cikinsu. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma sunayen ƙauyukanta suna nan da tsohon rubutu, wanda dattijon kasuwa ba zai gane ba ko an karanta masa.