Gwamnati ta yi ɓarna: talaka na da hannu?

A watan Janairun 2022 Iraƙi ta biya kashin ƙarshe na diyyar mamaye Kuwait. Jimillar abin da aka karɓa daga hannunta dala biliyan 52.4 ne, ana yanka daga kuɗin man fetur ɗinta shekara da shekaru, ƙarƙashin wata hukuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1991. Saddam Hussein ne ya tura tankoki Kuwait ranar 2 ga Agustan 1990, kuma an rataye shi a ƙarshen 2006, amma biyan bai tsaya da mutuwarsa ba. Yawancin 'yan Iraƙin da ke raye lokacin da aka kammala biyan ba a ma haife su ba a 1990. To, a watan Maris na 2003 Amurka da Birtaniya sun mamaye wannan ƙasa ɗaya, a kan makaman ƙare dangin da ba a taɓa gani ba, kuma masu ƙirga gawarwaki sun tattara bayanan fararen hula kusan 200,000 da aka kashe tun daga lokacin. Babu wata hukumar diyya da aka kafa a kan wannan. Ba a riƙa yanka daga harajin mutumin Texas ko na Manchester shekara da shekaru, kamar yadda aka yi wa Iraƙi, da sunan biyan jinin mutanen Bagadaza ba.

Na kawo wannan ne saboda gardamar da ke tashi duk lokacin da wata gwamnati ta yi ta'asa. Wasu su ce talaka ba ruwansa, shugabanni ne suka yi, su za a tambaya. Wasu su ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, ai da goyon bayan jama'a aka yi, don haka duk abin da ya same su su suka ja. Ni a ganina talaka yana da kaso a cikin abin da gwamnatinsa ta aikata, amma kason kowa gwargwadon bakin da yake da shi ne da kuma abin da ya sani, kuma wannan kaso bashi ne na gyara da biya, ba ya halatta jinin kowa. Labarin Iraƙi ya nuna cewa duniya tana yin lissafin nan a kife: wanda ba a taɓa jin ta bakinsa ba shi ya biya da tsada, wanda ke da ƙuri'a da jarida da kotu ya wuce kusan salin alin.

Mu fara da ɗan Iraƙi. Wane baki gare shi a zamanin Saddam? A ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2002 hukumomi sun sanar cewa shugaban ya samu kashi 100 cikin 100, wanda ya isa ya gaya maka darajar ƙuri'a a ƙasar. Duk da haka, kwana huɗu bayan mamaye Kuwait Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin da ya kai kusan shekara 13. Injinan tace ruwa suka lalace babu kayan gyara, asibitoci suka rasa magani, albashin malamin makaranta ya koma abin da ba ya kai shi ko'ina, Saddam kuwa ya ci gaba da gina fadoji. Denis Halliday, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura ya kula da aikin agaji a can, ya ajiye aiki a 1998 saboda abin da ya gani, wanda ya gaje shi, Hans von Sponeck, shi ma ya ajiye a 2000. Masu kare takunkumin suna cewa idan wuya ta yi wuya mutane za su tashi su kawar da azzalumi. Sun tashi kuwa. A watan Maris na 1991, bayan Shugaba Bush babba ya yi kira ga 'yan Iraƙi su ɗauki mataki da kansu, mutanen Basra da Najaf da Karbala da Kurdawan arewa sun yi bore. Aka bar su su kaɗai, sojojin Saddam suka murƙushe su, dubban mutane suka ƙare a kaburburan bai ɗaya. Mutumin da aka yi wa haka, sannan aka ci gaba da hana ɗansa magani don ya ƙi tashi karo na biyu, an zalunce shi sau biyu.

Yanzu a juya ga ɗan Amurka da ɗan Birtaniya. Hujja mafi ƙarfi da ake kare su da ita ita ce an yaudare su, kuma akwai gaskiya a ciki. A Janairun 2003 George W. Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka, kuma ƙasar da ake nufi ita ce Nijar. Ranar 5 ga Fabrairu sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya baje hotuna a Kwamitin Sulhu. Wani binciken jin ra'ayi na jaridar Washington Post a Agustan 2003 ya gano kusan bakwai cikin goma na Amurkawa suna ganin mai yiwuwa Saddam na da hannu a harin 11 ga Satumba, abin da ba shi da tushe. Wanda shugabansa da gidan talabijin ɗinsa suka haɗu a kan ƙarya ɗaya yana da uzuri, ban musa ba. Sai dai uzurin nan yana da wa'adi. Tun ranar 7 ga Maris, kwana 13 kafin a fara ruwan bama-bamai, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun cinikin yuraniyom ɗin Nijar na jabu ne. A Afrilun 2004 hotunan gidan yarin Abu Ghraib suka fito. A Satumba sakatare janar Kofi Annan ya faɗa wa BBC cewa yaƙin ya saɓa wa dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya. A Oktoba masu binciken da Amurka ta tura da kanta suka ba da rahoton cewa babu tarin makaman da aka ce akwai. Bayan duk wannan, a Nuwamban 2004, mutum miliyan 62 suka sake zaɓen Bush. Wanda ya dangwala wannan ƙuri'a ba zai ce bai sani ba. Abin da zai iya faɗa shi ne wasu abubuwa, haraji ko addini ko tsoro, sun fi masa muhimmanci a kan rayukan 'yan Iraƙi, kuma wannan zaɓi ne da ya yi da hankalinsa.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan wahalar amsawa. Za a ce mutane ai sun yi iya ƙoƙarinsu. Ranar 15 ga Fabrairun 2003 kimanin mutum miliyan ɗaya suka cika titunan Landan, irin taron da birnin bai taɓa gani ba, amma bayan wata ɗaya majalisa ta amince da yaƙi da ƙuri'a 412 a kan 149. A Amurka abokin hamayyar Bush, John Kerry, shi ma ya goyi bayan ba da izinin yaƙin a majalisar dattawa, a Birtaniya kuma babbar jam'iyyar adawa tana tare da Firaminista Tony Blair. Ina zaɓin yake? Amsata ita ce zaɓin ya yi ƙunci, amma bai toshe ba, kuma an ga inda ya yi aiki. Ranar 1 ga Maris 2003 majalisar Turkiyya ta kasa amincewa da buƙatar a bar sojojin Amurka su ratsa ƙasarta, duk da biliyoyin dalolin da aka yi mata alkawari, saboda 'yan majalisar sun san fushin da ke jiransu a mazaɓunsu. A Sifaniya masu zaɓe sun kayar da jam'iyyar José María Aznar a Maris 2004, sabon firaminista Zapatero ya kwashe sojojin ƙasar cikin 'yan makonni. A Amurka kanta, washegarin zaɓen majalisa na 2006 aka sanar da tafiyar sakataren tsaro Donald Rumsfeld. Kuma a Agustan 2013, da Firaminista David Cameron ya nemi izinin kai hari Siriya, majalisar Birtaniya ta ƙi da ƙuri'a 285 a kan 272, inuwar Iraƙi tana kan kowa a zauren. Jama'ar da ta iya hana yaƙi a 2013 ba za ta ce ba ta da wani tasiri a 2003 ba. Wanda ya fita zanga-zanga ya sauke babban ɓangare na nasa nauyin, kuma ba daidai yake da wanda ya tafa ba. Wanda ya zauna gida ya ce siyasa ba ta dame shi ba, shi ma ya zaɓa, domin shirunsa ya shiga lissafin masu mulki.

A nan ne dole mutum ya taka a hankali, domin an taɓa ɗaukar wannan magana an kai ta wuta. A wasiƙar da aka danganta wa Osama bin Laden a 2002, hujjarsa ta kashe fararen hular Amurka ita ce su ke zaɓen gwamnati, su ke biyan harajin da ake sayen makamai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tada bama-baman Landan ranar 7 ga Yulin 2005 ya bar bidiyo mai irin wannan ikirari. Mutum 52 suka kashe, ciki har da Musulmi da 'yan asalin Najeriya. Bama-baman jiragen ƙasa na Madrid sun kashe sama da 190, ma'aikata da ɗalibai da baƙin haure, a ƙasar da mafi rinjayen jama'arta suka ƙi yaƙin tun farko. Bam ba ya tambayar wa ka zaɓa. Wannan tunani da na masu takunkumi uwarsu ɗaya, domin dukansu sun mayar da al'umma mutum guda sun yanke mata hukunci.

Fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure ya daɗe da raba abubuwan nan biyu, wato bashin gyara da hukuncin jini. Idan mutum ya yi kisan kuskure, diyya tana hawa kan danginsa, abin da ake kira aƙila, su biya cikin shekara uku, kowa daidai ƙarfinsa, ba a ɗora wa yaro ko matalauci. Sayyidina Umar ma ya ɗora ta a kan mutanen da sunayensu ke cikin diwani ɗaya, wato waɗanda ke cin albarkacin tsari ɗaya suna kare juna. Amma babu malamin da ya ce a kashe ɗan'uwan mai kisa, kuma kisan ganganci yana wuyan wanda ya aikata shi kaɗai. Hikimar a fili take: jama'ar da ƙarfinta ya ba mutum damar yin ɓarna tana da rabo a gyaran ɓarnar, ba tare da an kira ta mai laifi ba. Haka ya kamata a kalli ɗan ƙasa. Waɗanda suka shirya ƙaryar, kotu ce tasu. Sauran jama'a kuma nasu shi ne biyan diyya daga baitulmali, da tilasta bincike, da karɓar waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu, da hana waɗanda suka jawo shi komawa mulki. Da wannan ma'auni, biyan da Iraƙi ta yi wa Kuwait ba shi ne zaluncin ba, don akwai leburori daga Masar da Indiya da suka rasa komai suka kuma samu wani abu daga kuɗin. Zaluncin shi ne dokar ta tsaya a kan mai rauni kawai. Birtaniya ta yi binciken Chilcot, wanda bayan shekara bakwai ya faɗa a 2016 cewa an shiga yaƙi kafin a ƙure hanyoyin sulhu. An yi abin kirki, amma rahoto ba diyya ba ne, kuma Amurka ko irinsa ba ta yi ba a kan shawarar shiga yaƙin.

Kada mu ɗauka wannan darasin na Turawa ne kawai. Bayan Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Tinubu ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta. Ba a shawarci mai sayar da ƙanƙara a Maraɗi ba kafin juyin mulki, amma shi ya kwana a duhu, kuma motocin kaya suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari. Gaskiya ne dubban mutane sun cika filin wasa na Seyni Kountché suna yi wa sojoji kirari, kuma waɗannan suna da kasonsu a duk abin da mulkin sojan ya haifar. Sai dai takunkumi bai ware su daga mai naƙuda a asibitin ƙauye ba. Mu kuma 'yan Najeriya, da gwamnatin farar hula ta yi wannan da sunanmu, muna da bakin da ɗan Nijar bai da shi a lokacin, kuma mun ga amfaninsa. Majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da soja ranar 5 ga Agusta, malamai suka tafi Yamai, sarakuna da 'yan kasuwa suka ɗaga murya, wa'adin kwana bakwai da ECOWAS ta ba sojojin Nijar ya wuce ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Amma da barazanar yaƙi ta kau, hayaniyar ta lafa, wutar kuwa tana yanke. Sanatocin arewa sun sake magana, Janar Yakubu Gowon ya rubuta wasiƙa, sai dai matsin bai kai na watan Agusta ba. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, bayan kusan wata bakwai, a lokacin da Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar.