Kwana Huɗu a Ikko

Mahaifina ya shekara 14 yana neman abinci a Ikko, amma bai taɓa ganin teku ba sai a watan Disamba na 2024, ran da muka je tare. Na san wasu 'yan'uwana ɗalibai za su ce zuƙi-ta-malle ce, don kuwa a taswirar da ke bangon ajinmu Ikko a bakin ruwa take. To, ku saurara ku ji yadda aka yi.

Mu mutanen Kanya Babba ne, a ƙasar Ɓaɓura. Baba yana sayar da tumatir da tattasai da attaruhu a kasuwar Mile 12. Sau biyu yake zuwa gida a shekara, watau da damina da kuma babbar Salla. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, sai dai ya ce, "Kai wannan." Hirarmu ba ta wuce gaisuwa da tambayar karatu.

Da aka ba mu hutu na dawo gida, sai na tarar da Inna cikin damuwa. Ashe Baffa ne ya bugo waya daga Agege, ya ce jiri ya kwashi Baba a tsakiyar kasuwa ya faɗi. Likita ya ce hawan jini ne, lalle ya huta. Shi kuwa ya ce atafau ba zai zo gida ba, don lokacin tumatir ne. Inna ta ce tun da dutse ba ya zuwa, mu sai mu je. Ta sayar da awakinta biyu, muka yi kuɗin mota, ita da ni da Auta, ƙanwata mai shekara 7.

Daga Kano muka shiga doguwar mota. Muka wuce Zariya da Kaduna, muka ƙetare kogin Kwara a gadar Jebba, sai Ilori, sai Badun. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000. Mun baro gida muna rawar ɗari saboda hunturu, muka sauka muna sharce gumi.

A gidan Baffa muka sauka. Agege kuwa sai ka ce unguwa ce a Kano, ga masu koko da ƙosai, ga masallatai, ko'ina Hausa ake yi. Baba ya rame ƙwarai. Ya dube ni ya ce, "Kai wannan, ya karatu?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." A wannan rana Inna ta ɓoye wayarsa cikin kwallar tufafi. Ya nema ya rasa, ta ce, "Malam, ai hutu likita ya ce." Ya yi ta cika yana batsewa, har barci ya ɗauke shi.

Kashegari tun kafin asuba sai na ji motsi. Baba ne yake laluben takalmansa zai tafi kasuwa. Na ce zan raka shi, bai ce mini komai ba. A can na ga abin da ban taɓa gani ba. Manyan motoci sun kwana suna shigowa daga Arewa, 'yan dako suna ta gudu da kwanduna a kai cikin taɓo, ana ta ciniki da Hausa da Yarabanci. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Kwandon da bai shiga yau ba, jibi sai a zubar. Baba ya nuna mini ɗakin da suke kwana su shida, ko taga ba shi da ita. Sai na tuna da garin kwaki da sukari da sabulun da nake tararwa cikin akwatina duk farkon zango, ban taɓa tambayar daga ina suka fito ba. Hantsi bai dubi ludayi ba sai ga Baffa, ya kora mu gida yana faɗa.

Da dare muna cin tuwo sai Auta ta ce, "Baba, wai ina tekun?" Ya ce, "Ai ga shi can ƙarƙashin doguwar gada, kullum ana gani." Na yi ta maza na ce, "Baba, wannan ba shi ne teku ba. Malamin labarin ƙasa ya ce tafki ne babba da ke haɗe da teku." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, in haka ne ban taɓa ganinsa ba." Baffa ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce wurin da aka saba zuwa a dā, watau Bar Beach, an cike shi da yashi ana gina sabon birni, saboda haka gobe sai Badagiri, can kusa da iyakar Jamhuriyar Benin.

A Badagiri an fara nuna mana wani tsohon bene da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845. Daga nan muka shiga kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu. Inna ta runtse ido tana ta salati har muka sauka. Mai yi mana jagora ya ce wannan turbar yashi da muke bi, ita aka riƙa bi da bayi a ɗaure, zuwa jiragen Turawa. Wanda ya kai ƙarshenta ya yi sallama da ƙasarsa ke nan har abada.

Tun ba mu ga ruwan ba muka fara jin rugugi kamar hadari ya taso daga gabas. Da muka hau wani tudun yashi, sai ga shi. Kai, jama'a, gani ya kori ji! Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Kazaure, sai na ga ruwa iya ganina, har ya haɗe da sama. Igiya ta taso ta fi tsawon mutum, ta fashe, ta koma, wata ta biyo. Auta ta ɗanɗana ta tofar, ta ce, "Wa ya zuba gishiri haka?" Baba dai ya tsaya ƙyam, ba abin da yake faɗi sai, "Subhanallahi."

Inna ta shimfiɗa tabarma a inuwar kwakwa. Muka ci burodin Agege da dambun naman da ta yo tun daga gida, muka sha ruwan kwakwa. Da azahar ta yi, Baffa ya ce ruwan teku mai tsarki ne, da shi muka yi alwala. Bayan salla Baba ya kishingiɗa a kan yashi, ya ɗora hula a fuska. Awa biyu cur yana barci. Inna ta ce tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin ya yi barcin rana ba.

Da ya farka sai ya yafato ni, muka taka bakin ruwa mu biyu. Ya ce, "Kai wannan, me ke bayan ruwan nan?" Na ce sunansa Atilantika. In aka yi yamma sai Barazil, in kuwa aka bi gaɓa aka yi arewa, sai Senigal da Maroko, har birnin Kadis na ƙasar Sifen. Na ƙara da cewa malaminmu ya ce a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba ma'aikaci hutun aƙalla mako 4 a shekara, albashinsa na tafiya, shi ya sa suke kwasar iyali su tafi bakin teku. Baba ya yi dariya ya ce, "Su nasu tumatirin ba ya ruɓewa ne?"

Can kuma sai ya juya ya dubi turbar da muka biyo. Ya ce, "Waɗanda aka bi da su ta nan, ba su da hanyar komawa gida. Ni ga hanya a buɗe, ni na ƙi bi." Ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ka yi karatu. Amma kada ka raina mai kwando."

Rana ta huɗu ya danƙa rumfarsa a hannun abokin cinikinsa, ya biyo mu Kanya Babba. Wata guda ya yi a gida yana shan magani, kafin ya koma. Ribar tumatirin wannan shekara ta wuce shi, awakin Inna kuma har yanzu ba a mayar ba. Amma da ransa da lafiyarsa, alhamdu lillahi.

Na zo da ruwan teku cikin kwalba, yana nan a akwatina a ɗakin kwananmu. Duk wanda bai yarda akwai gishiri ba, ya zo ya ɗanɗana. Ku kuma 'yan'uwana da iyayenku ke ci-rani a Kudu, in sun bugo waya, bayan kun faɗi abin da ya ƙare muku, ku tambaye su ko suna samun barci.